Sharhi kan Keytruda: aikinsa a kan ƙwayoyin NK da sankarar tafin ƙafa a Garwa

Keytruda, wanda sunansa na magani pembrolizumab, ya samu izini a Amurka a 2014 domin melanoma, wato sankarar fata mai baƙin tabo. Mu ma'aikatan lafiya a Garwa, arewacin Kamaru, muna ba da shi ga 'yan tsirarun majinyatan da suka iya saya. Magani ne na gaske, amma dillalan da ke cewa yana "ƙara sojojin NK", wato wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu kashe ƙwayoyin da suka lalace, sun zuzuta.

Ba ya kashe sankara da kansa. Ƙwayoyin T na garkuwar jiki suna da wani birki mai suna PD-1, sankara kan taka shi don su lafa, shi kuma maganin ya toshe wurin. Ƙwayoyin NK daban suke. Su ne kusan kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na limfosait, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, kuma suna farautar duk ƙwayar da ta ɓoye shaidarta ta HLA, wato alamar da ke jikin ƙwaya wadda T ke gane ta da ita. Melanoma ta ƙware a wannan ɓoyo: da zarar ta zubar da HLA, ƙwayoyin T sun makance, sai NK su huda ta da sinadaran perforin da granzyme. Sai dai PD-1 ba shi da yawa a jikin NK na mutum, don haka galibin amfanin da suke samu a kaikaice ne. Idan ƙwayoyin T suka farka, suna sakin wani sinadari mai suna IL-2, shi ke zuga NK. Su kuma NK suna janyo ƙwayoyin dendiritik cikin ƙari, waɗanda ke nuna wa T abokin gaba. Binciken da aka buga a mujallar Nature Medicine a 2018 ya nuna ƙarin da ke da yawan waɗannan biyun ya fi jin maganin. NK na cikin ƙari ake nufi, don haka kada a kashe kuɗi wajen ƙirga na jini da sunan auna nasara. Hoton sikana bayan kimanin mako 12 ne alƙali, kuma wani lokaci ƙari kan kumbura kafin ya fara motsewa.

Ana ba da miligiram 200 duk mako 3, ko 400 duk mako 6. Kwalba ɗaya miligiram 100 ce cikin mililita 4, ke nan kwalba biyu kowane zuwa ga mai karɓar 200, huɗu ga mai karɓar 400. Ana zubawa a ruwan gishiri na kashi 0.9, a ɗaura ta jijiya tsawon minti 30 da abin tacewa a kan layin. Ba a girgiza kwalbar.

Inda aka fi yin asara shi ne sanyi. Dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma kada ya daskare. Daga Yawunde zuwa Garwa tafiya ce mai tsawo, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ɗauke wuta. Masu kawowa kan manna kwalba da ƙanƙara don gudun zafi, ta daskare, ta lalace ba tare da ido ya gani ba. A sa kwali tsakani, a jefa ma'aunin zafi cikin kular. Kwalbar da ba a san hannun da ta biyo ba, a bar ta komai arharta.

Illolinsa suna kama da cututtukanmu na kullum, a nan haɗarin yake. Gudawa sai a ce atini ne ko taifot, alhali garkuwar ce ke cin hanji. Tari da haki sai a ce tarin fuka, idon da ya yi rawaya a ce shawara, kasala a ce zazzaɓin cizon sauro, ga shi kuwa tayirod, wata halitta da ke cikin wuya, ce ta lafa. Kafin a fara maganin a gwada hanta, ƙoda, sukari, TSH (gwajin tayirod), ciwon hanta nau'in B da HIV, a ɗauki hoton ƙirji. Idan illa ta yi tsanani ana dakatarwa, a ba da prednisone, wani maganin sitiroyid, miligiram 1 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, a riƙa ragewa sannu a hankali cikin wata guda ko fiye. Amma sitiroyid na danne NK da T duka, shi ya sa muke hana majinyaci sayen dexamethasone a tebur don ciwon jiki.

Melanomar da muke gani ta diddige ce, ko tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce. Ba rana ke kawo ta ba, sauye-sauyen halittarta kaɗan ne, garkuwa ba ta saurin gane ta, don haka ba ta jin maganin kamar ta Turawa. Ga shi kowane zuwa miliyoyin sefa ne, kuma ana iya kai shekara 2 ana karɓa. Wanda tabonsa bai bazu ba, tiyata ta fi masa komai. Wanda ta bazu masa, kuma yana da kuɗin zuwa da yawa a jere da asibitin da zai riƙa gwada jininsa kafin kowane ƙarin ruwa, ya gwada. Mai kuɗin zuwa ɗaya kawai, ba ma ba shi shawarar sayar da gona.