Koyon Aikin Injin Buga Takardu: Ina Za Ka Kai Kuɗinka da Shekarunka?

Mai son shiga sana'ar ɗab'i galibi hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya zama ɗan koyo a maɗaba'ar da take aiki kullum, ya shiga kwalejin fasaha, ya biya kuɗin kwas na 'yan makonni, ko ya samu horo daga kamfanin da ya ƙera injin. Ba zan ɓoye ba, ta farko nake so, kuma a kan injin ofset. Sauran ukun zan taɓa su, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Dalilina yana cikin yadda injin yake aiki. Tun 1796 Alois Senefelder ya gano a ƙasar Jamus cewa ana iya bugu da dutse saboda mai da ruwa ba sa ga maciji da juna. Wajen 1904 kuma Ira Rubel a Amurka ya lura cewa in tawada ta fara sauka a kan bargon roba kafin ta kai takarda, rubutu ya fi fita tsaf. Har yau a kan wannan ake: farantin alminiyom yana ɗaukar tawada inda akwai zane, ya ɗauki ruwa inda babu, ya miƙa wa bargo, bargo ya miƙa wa takarda. Aikin mai inji duka shi ne sasanta ruwa da tawada. Ruwa ya yi yawa, launi ya koɗe, takarda ta ƙi bushewa. Ya yi kaɗan, sai datti ya bi wurin da ya kamata ya zama fari fat. Littafi zai gaya maka ma'aunin tsamin ruwan ya tsaya kusa da 5, amma littafi ba zai koya maka ƙarar da inji yake yi in ya kusa jan takarda biyu lokaci guda ba.

Ka tsaya bayan ƙwararre da safe ka gani. Yana zare takarda daga bakin inji ba tare da ya tsayar da shi ba, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin fitila, ya ɗora ƙaramin madubin ƙara girma a kan ɗan gicciyen da ke gefe. Launuka huɗu ne, shuɗi da ja da ɗorawa da baƙi, kuma dole su hau kan juna daidai. In ja ya goce da kaurin gashi, fuskar mutumin da ke hoton sai ta yi kamar tana rawar sanyi. Sai ka ga ya murɗa wani abu kaɗan, ya danna makullin tawada biyu a tsakiya, ya sake zaro wata. A ta biyar ko ta shida ya gyaɗa kai, sannan ya saki inji. Wannan idon, wata shida ba ya ba da shi. Shi ya sa a Jamus, ƙasar kamfanonin ƙera injin ɗab'i Heidelberg da Koenig & Bauer wanda aka kafa tun 1817, koyon sana'ar shekara 3 ne, ana raba mako tsakanin maɗaba'a da aji. Duk inda ka samu tsari mai kama da wannan, kada ka tsaya shawara.

In ka tashi zaɓen maɗaba'a, kada sabon inji ya ruɗe ka. Tsohon Heidelberg GTO, wanda ya fito tun 1972, ya fi koyar da yaro, domin komai da hannu ake saita shi, kuma kana ganin abin da hannunka ya jawo nan take. Wanda ya goge a kansa, in aka kai shi gaban sabon inji irin Speedmaster ko Komori mai buga takarda 15,000 ko fiye a awa, allon kwamfuta kawai zai koya, asalin abin yana kansa. Amma ka tabbata akwai injin da ya wuce launi ɗaya a gidan, in ba haka ba za ka shekara kana buga rasit da fom.

Kwaleji tana da nata amfanin: a can za ka san yadda ake fitar da faranti kai tsaye daga kwamfuta, ka ji labarin ƙa'idar ISO 12647-2 ta daidaita launi, ka fito da takardar shaidar da manyan kamfanoni suke tambaya. Sharaɗi guda ne, ka je ka ga injinsu yana juyawa. Horon kamfanonin ƙera inji yana da kyau ƙwarai, sai dai na wanda ya riga ya samu aiki ne, maigidansa ke tura shi. Injin dijital kuwa, irin na Xerox ko Konica Minolta, cikin makonni za ka iya shi, kuma ƙananan ayyuka sun koma can, amma ranar da ya tsaya sai ka naɗe hannu ka jira injiniya. Bidiyon intanet bai kai a sa shi a lissafi ba.

Sai kwas ɗin 'yan makonni, inda wuta ta taɓa ƙona ni. Ina saurayi na biya wata cibiya kuɗin wata uku, da alkawarin za a nema min aiki. Akwai inji babba a tsakiyar ɗaki, an goge shi yana sheƙi. Mu wajen ashirin muke kewaye shi, malam yana nuna mana sassa da sanda. Kullum da dalili: yau babu wuta, gobe ana jiran wani ƙarfe. Har muka gama ban ga takarda ɗaya ta fito daga cikinsa ba. Aka ba mu satifiket mai zanen zinariya, wanda daga baya na gane ko shi ma a wani wuri aka bugo. Ranar da na je gwajin aiki, shugaban masu inji bai ko kalle shi ba. Faranti ya miƙo min, ya ce, “Malam, ɗaura mana wannan.” Na riƙe shi ina juyawa, ban san bakin da ke shiga farko ba.

Tun daga ranar na san alamominsu. Wurin koyon ɗab'i da ba ya warin tawada, babu tarin ɓatattun takardu a kwando, farcen malamin tsaf kamar na ma'aikacin banki, ka juya. Wanda ya ce kuɗi duka kafin ka leƙa ɗakin inji, ka juya. Wanda ya liƙa tambarin Heidelberg a allonsa yana cewa shi wakilinsu ne, ka tambayi kamfanin da kanka, ba abu ne mai wuya ba. Satifiket kuma ka tambayi wace hukuma ce ta amince da shi, ka bincika a wajen hukumar, ba a bakin mai cibiya ba. Alkawarin aiki da babu sunan ko tsohon ɗalibi ɗaya da za ka iya zuwa ka gani a bakin aikinsa, iska ne.

Kada kuma ka ɗauka maɗaba'ar gaske ba ta cuta. Akwai maigidan da zai riƙe ka shekara biyu kana ninke takarda da ɗaukar kaya, yana tsoron in ka iya ka gudu. Ku rubuta yarjejeniya: wata nawa a shara da wankin rola, yaushe za ka fara ciyar da inji takarda, yaushe za a bar maka aiki kai kaɗai. Ka ja tsohon yaron gidan gefe ka tambaye shi ko an cika masa.

Ka kuma dubi yadda suke da lafiyar mutane. Inda aka cire murfin kariya don aiki ya yi sauri, ko ake goge rola da tsumma inji na gudu, yatsunka ne a kan layi. Injin yanka takarda da aka ɗaure maɓallinsa ɗaya don a riƙa danna shi da hannu guda, kada ka kusance shi. Ruwan wankin bargo ma ba abin wasa ba ne: a 2012 an gano cutar dajin hanyar matsarmama a jikin ma'aikatan wata maɗaba'a a Osaka ta Japan, sanadin sinadarin wanki a ɗakin da iska ba ta zagayawa. Ka nemi safar hannu da toshiyar kunne tun ranar farko. Kafin ma ka biya kowa, ka je a yi maka gwajin Ishihara na bambance launi. Akwai maza da yawa da ba su san ja da kore suna rikice musu ba sai aiki ya lalace.

Ta fuskar gaba, jaridu suna ja da baya, amma kwalin magani, ledar kaya da lambar da ake liƙa wa kwalba ba su da ranar ƙarewa. Daga mai taimako ake tashi zuwa mai inji, zuwa shugaban sashe, wasu su koma gyara, wanda ake nema ruwa a jallo. In ka ƙware a ofset ka samu ƙofar injin filekso na buga leda da kwali, shiga. Amma kafin duk wannan, ka roƙi maigidan da kake tunani ya bar ka ka wuni ɗaya a gidan, daga ɗaura faranti har tara bugaggun takardu, ka ƙirga sau nawa ɗan koyonsa ya taɓa injin.