Kwana uku a Alkahira: abincin dare a jirgin ruwa ne ya ɓata lissafin

A takarda tsarin da kamfanin yawon buɗe idon ya sayar mana ba shi da aibu: kwana uku, otal kusa da dandalin Tahrir, mota da direba, ɗan jagora, yini ɗaya a Giza, inda dalolin Fir'aunoni suke, yini ɗaya a tsohon birni, sai kuma abin da suka rubuta da manyan baƙaƙe, wato cin abincin dare a cikin jirgin ruwa a Kogin Nilu. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin kuɗi, kuma shi nake ba kowa shawarar ya soke tun kafin ya biya.

An ce jirgi zai tashi ƙarfe 8 na dare, amma motar ɗauka ta iso otal tun 5:30, saboda ba ku kaɗai ba ne, sai ta bi otal huɗu ko biyar tana kwasar mutane. Wanda ya san cunkoson Alkahira da yamma ya san abin da hakan ke nufi. A cikin mota magariba ta same mu, direba kuma ba zai tsaya ba don yana tsoron jirgi ya tafi ya bar shi. A jirgin babu wurin salla, sai wani lungu kusa da matakala inda masu kai abinci ke kai-komo da faranti.

Teburan da ke jikin taga, waɗanda aka ɗauki hoton tallar da su, na masu ƙarin kuɗi ne, kuma ba wanda ya faɗa mana lokacin biya. Mu tsakiya aka jera mu, ga fitilu a kunne tar, saboda haka in ka dubi gilashi fuskarka kake gani, ba kogi ba. Abincin na ɗebi-da-kanka ne: shinkafa, taliya, kaza, kifi, salak. An dafa shi tun kafin a hau, an ɗora a kan ƙaramar wutar da ba ta iya riƙe zafi, kuma mutum sama da ɗari ake saki a kansa lokaci guda. In ka yi kawaici ka bari layi ya ragu, kazar ta ƙare, sai romo. Abin sha kuwa, har ruwan gora, ba ya cikin kuɗin da ka biya. A ƙarshe za a kawo takarda, a ɗora kashi 12 cikin ɗari na hidima, sannan kashi 14 na haraji. Wannan ƙarin ba a jirgi kaɗai ake yin sa ba, haka yake a manyan gidajen abinci na garin, sai dai a can aƙalla an rubuta shi a ƙasan takardar farashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne nishaɗin. Kamfanin ya rubuta "wasan gargajiya". Rabinsa gaskiya ne, domin akwai mai rawar tannura, namiji da buje mai faɗi kala-kala yana juyi kamar katantanwa kusan kwata na awa ba tare da jiri ya kayar da shi ba, wannan kam abin kallo ne. Amma kafin shi mace ce ke fitowa da shigar da ba ta kai ta kawo ba, tana bi tebur-tebur, mai hoto na biye da ita yana ɗauka ko ka so ko ba ka so, anjima ya dawo da hoton a kwali yana neman kuɗi. Wanda ya zo da iyali, balle da surukai ko iyaye, babu inda zai sa kansa, kuma jirgi na tsakiyar ruwa, ba damar fita. Mafita ɗaya ita ce hawa saman jirgin, inda iska ke kaɗawa, kana ganin gadoji da Hasumiyar Alkahira mai tsayin mita 187. Can ne kawai na ji cewa lallai a kan Nilu muke. To in don wannan ne, faluka ta wadatar: ƙaramin jirgi mai filafilai, ku kaɗai, awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ku yi ciniki a bakin ruwa kan awa ba kan mutum ba, ku sauka ku yi salla ku nemi abinci mai zafi.

Giza ba ni da ƙorafi sosai. A je da sassafe kafin rana ta buɗe, a riƙe katin banki domin yawancin wuraren tarihi yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti. Shiga cikin dalar Fir'auna Khufu tikitinsa daban, hanyar matsattsiya ce, a duƙe ake hawa, kuma abin da ke ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse babu komai ciki. Mai ciwon gwiwa ko baya ya haƙura. Masu raƙuma kuma a gama magana da su kafin a hau: nawa ne, minti nawa, da fam ɗin Masar ko da dalar Amurka, kuma har da saukewa.

Yini na biyu ne ya sa na fara yafe wa kamfanin. Titin Mu'izz, daga ƙofar gari ta Bab al-Futuh zuwa ta Bab Zuwaila, kusan kilomita ɗaya ne, amma masallatai da makarantu da ƙubbobin zamanin daulolin Fatimiyya da Mamluk sun jeru a kai kamar an shirya su don jarrabawa. Fatimiyya ne suka kafa birnin a 969, aka fara ginin Azhar a 970, kuma har yau kana shiga farfajiyarsa za ka tarar da ɗalibai, cikinsu ba ka rasa jin Hausa. Ɗan jagoranmu a nan ya san aikinsa, ba na hana shi haƙƙinsa. Shi ya ce mu hau hasumiyar Bab Zuwaila, matakalar duhu ce mai murɗiya, amma daga sama birnin duka a tafin hannunka yake, har ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali.

Abincin da ya ceci tafiyar duk ba ya cikin tsarin. Koshari: shinkafa da taliya yankakkiya da adas (wani ɗan mitsitsin wake) da wake, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Kwalabe biyu ne a tebur, dakka mai tafarnuwa da tsami, sai shatta mai yaji. A fara da dakka cokali biyu, shatta kuwa ɗigo-ɗigo, don ba wasa take ba. A nemi matsakaicin kwano, babban ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta'amiyya ƙanwar ƙosai ce, da waken ful ake yi, cikinta kore saboda ganye, kuma da safe daga mai take da daɗi, in ta huce ta zama roba. Mulukhiyya lalo ce tsaf, sai dai sun fi mu sa tafarnuwa kuma da shinkafa ko gurasa ake ci. Karkade zobo ne. Tantabara mai cushe da shinkafa akwai daɗi, amma nama kaɗan ne, mai yunwa ya nemi biyu.

Sai dai ko yini na biyun ma kamfanin ya taɓa shi. Tsakanin Giza da otal an tsaya da mu a shagon takardar zamanin Fir'auna (papyrus), a rana ta biyu kuma shagon turare, kowanne kusan minti 45, ana ba ka shayi ana jera maka kwalabe, ɗan jagora na gefe yana jiran kasonsa. Babu ko ɗaya a cikin takardar tsarin. Lokacin da aka ƙona a wurin mai turare shi ne na masallacin Ibn Tulun, wanda aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. Muna isa mai gadi na jan ƙofa. Da na yi magana sai aka ce cunkoso ne. Na rubuta wa kamfanin kan wannan da kan batun jirgin, amsar da suka turo ita ce tayin ragi idan na sake yin wata tafiyar da su.