American Demon: littafin da ya nuna inda Eliot Ness ya gaza

Masu karatun Turanci a Nima da Mamobi da ke son labarin binciken kisa na gaske, wannan littafi ya cancanci kuɗinsa. Daniel Stashower ne ya rubuta shi, ya fito a 2022.

Eliot Ness shi ne jami'in da ya yi suna wajen takura wa ƙasurgumin shugaban 'yan daba Al Capone a Shikago ta Amurka. A Disamba 1935 aka damƙa masa 'yan sanda da 'yan kwana-kwanan birnin Cleveland, yana ɗan shekara 32. Lokacin ne wani ya fara kashe mutane yana daddatsa su, yana zubar da wasu a kwarin Kingsbury Run, inda marasa galihu suka kafa bukkokin kwano da katako. Zuwa 1938 hukuma ta ƙirga gawa 12.

Ƙarfin littafin yana wajen bayyana dalilin da bincike ya ci tura. Duk gawarwakin an cire musu kai, wasu ma ba a taɓa ganin kan ba. Zanen yatsa kuwa ba ya amfani sai ga wanda 'yan sanda suka taɓa kamawa, shi ya sa aka gane Edward Andrassy da Florence Polillo, galibin sauran aka binne su babu suna. Galibi ba a iske jini a inda aka tsinci gawarwakin, alamar can wani wuri ake kisan. Cikin waɗanda aka kashe akwai wani saurayi mai zane-zane a jiki da aka yi wa kwafin fuskarsa, aka kafa a wajen baje kolin Cleveland na 1936, dubban mutane suka wuce ta gabansa, ba wanda ya ce ya san shi. Wannan wurin yana taɓa zuciya.

Ness ya zargi wani likitan fiɗa, Francis Sweeney. A 1938 ya tsare shi kwanaki a ɗakin otal, aka gwada shi da na'urar gano ƙarya ya faɗi, amma kotu ba ta karɓar wannan, ga shi kuma ɗan'uwansa ɗan majalisa ne mai adawa da Ness. Sai fushin ya sauka kan talakawa: ranar 18 ga Agusta aka kwashe mazauna bukkokin, aka cinna wa wurin wuta. Wanda ya ga rusau na Old Fadama a 2015 zai karanta babin nan da ciwon rai. Haka labarin Frank Dolezal, maginin da aka kama a 1939 bisa zargin kisan, ya mutu a tsare da karyayyun haƙarƙari.

Aibinsa ɗaya ne, marubucin ya daɗe kan Shikago da yaƙi da cin hancin 'yan sanda, har makashin ya ɓace na tsawon babi-babi. Sunaye suna da yawa, a ajiye takarda ana rubuta su da shekarunsu. Bayanin gawarwakin kuma ba a sakaya shi ba, don haka kada a bar shi inda yara za su ɗauka.