Sharhi: yini guda da mai jagora a kan tudun Dartmoor

Kuɗin da na biya wani ƙaramin kamfani mai zagayawa da baƙi a ƙafa cikin Dartmoor bai tafi a banza ba, ko da yake akwai inda suka gaza, kuma zan faɗa. Abin da suke sayarwa tafiyar yini ce, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, ayari kaɗan da mai jagora ɗaya, a ɗauke ku a mota daga garin da ke gindin tudu, a dawo da ku. Na je a ƙarshen watan Mayu.

Dartmoor yana gundumar Devon ne, a kudu maso yammacin Ingila. Tudu ne mai faɗin murabba'in kilomita 954, kuma tun 1951 yake cikin wuraren da ƙasar ta keɓe take karewa. Ƙololuwarsa, High Willhays, mita 621 ce kacal, saboda haka masu neman dogon tsauni ba nan za su zo ba. Abin da ke wurin sarari ne, iya ganinka: ciyawa, gajerun tsirrai masu kauri, fadamu, sai tarin duwatsu a kan kowane tozo kamar wani ne ya jera su. Wanda ya ratsa ta titi a mota zai rantse ba abin da ya taɓa faruwa a wurin tun da aka halicce shi. To, rashin sani ya fi dare duhu, kuma maganin wannan duhun shi ne abin da kamfanin yake karɓar kuɗi a kansa.

Jagorarmu dattijuwa ce, 'yar makiyayan yankin, ba ta da yawan surutu. Tun kafin mu yi nisa ta tsayar da mu a bakin wani kwari mai zurfi da ya tsaga gefen tudu kusa da tozon Birch Tor, ta tambaye mu me ya haƙa shi. Kowa ya ce ruwa. Ashe hannun mutane ne. Masu haƙar kuza ne suka bi jijiyar ma'adinin suna tona ta, suna jawo ruwa ta magudanai daga nesa don wanke ƙasar, tsara bayan tsara. Tun ƙarni na 12 ake da rubutaccen labarin kuzar Dartmoor, kuma a 1305 aka ayyana garuruwan Tavistock da Ashburton da Chagford a matsayin inda dole a kai ta a auna, a biya haraji kafin a sayar. Mahaƙar Golden Dagger da ke ƙasan kwarin ba ta daina aiki ba sai wajen 1930. Ta nuna mana ramin da babbar ƙafar injin ruwa take juyawa a da, yanzu ganye ya rufe shi, da kangon ɗakin da ma'aikata suke shanya jiƙaƙƙun kayansu. Da ni kaɗai ce, da na taka na wuce.

Haka ta yi ta yi mana duk yinin. Ta nuna wasu shingaye na dutse a Headland Warren, ta ce gonar zomaye ce a da, ana kiwon su ana sayar wa mahaƙa nama. Ta nuna layukan duwatsu da aka kafa a tsaye a Challacombe shekaru dubbai da suka wuce, da matakan noma na ɗaruruwan shekaru da suka wuce da suka bi gefen tudu. Ba ta cika mu da shekaru ba, sai ta bari ka duba, ka yi hasashe, sannan ta gyara maka. Wannan salon ya burge ni ƙwarai, don abin da ka gano da idonka ba ya saurin fita daga kai.

Inda na fi so shi ne Grimspound. Tsohon ƙauye ne na Zamanin Tagulla, ya haura shekara 3,000, yana kwance a wata kafa tsakanin Hookney Tor da Hameldown. Katangar dutse ce mai kauri ta kewaye kangayen ɗakuna 24, dukkansu zagayayyu, ga wani ɗan rafi yana ratsa gefe ɗaya. Na shiga ɗaya daga ciki na tsuguna. Faɗinsa bai fi taku huɗu ko biyar ba. Duwatsu biyu na bakin ƙofa suna nan tsaye, sumul, kuma an yi wa ƙofar wani ɗan lanƙwasasshen zaure domin iska kada ta faɗo kai tsaye. Daga hannun dama akwai dandamalin dutse da ake jin wurin kwanciya ne, a tsakiya kuma murhu. Da na zauna a ƙasa, iskar da ta yini tana dukan kunnena sai ta ɗauke. Wanda ya tsara zauren nan ya san iskar wurin sarai. Jagorar ta gaya mana gaskiya, cewa masu binciken da suka tona wurin a 1894 sun sake ɗora wasu duwatsun yadda suke zaton suke, don haka ba duk abin da ido ke gani ne na asali ba. Na ji daɗin da ba ta ɓoye wannan ba, mai son burge baƙi da shiru zai yi.

A nan ta yi bayanin da ya canza mini kallon wurin baki ɗaya. Wannan sararin da ba bishiya, daji ne a da, na itatuwa, har kusan saman tudu. Mutane ne suka sare, suka ƙona, suka saki dabbobi. Kangayen ɗakuna irin na Grimspound sun haura 5,000 a Dartmoor, ga iyakokin gonaki na dutse da suka miƙe kilomitoci. Daga baya yanayi ya ƙara sanyi da damshi, ƙasa ta yi tsami, mutane suka gangara kwari. Dutsen da ke ƙarƙashi, wanda ya daskare kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce, ba ya shan ruwa, ruwan sama kuwa a wajen garin Princetown da ke kan tudun yakan kai milimita 2,000 a shekara. Sai ruwa ya kwanta, gansakuka ta bazu, tana mutuwa ba ta ruɓewa sosai, tana taruwa ta zama baƙar ƙasa mai laushi. Kaurin da take ƙarawa a shekara bai wuce milimita ɗaya ba. Ta sa muka taka gefen wata fadama, ƙasa tana lotsawa tana dawowa kamar katifa, sannan ta cafko gansakuka ta matse, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunta kamar ba zai ƙare ba. Daga irin waɗannan fadamun kogunan Dart da Teign da Taw da Tavy suke tasowa. A bakin wurin ta durƙusa ta nuna mana wani jan tsiro da bai fi farcen babban yatsa ba, ganyensa duk gashi mai danƙo, da ɗan ƙwaro manne a jiki. Ƙasar ba ta da abinci, shi ya sa yake cin ƙwari.

Namun daji kam kada a sa rai da manya. Dawakai ƙanana ne ko'ina, a lokacin da 'ya'yansu sababbin haihuwa, da tumaki masu baƙar fuska, da shanu masu gashi. Duk suna da masu su. Makiyaya ne masu haƙƙin kiwo a filin gamayya, kuma da kaka sukan kora dawakan su tara su, kowa ya ware nasa. An hana ba su abinci, domin yana jawo su bakin titi mota ta buge su. Tsuntsaye su ne dukiyar wurin. Tun daga kwarin Challacombe muke jin kukan tsuntsun kuku, daga baya muka gan shi a kan wata ƙaya, wasu 'yan tsuntsaye biyu suna ta kai masa bugu. Dalilinsu a fili yake: macen ba ta sheƙa, a sheƙarsu take saka ƙwanta su yi mata reno. Masana tsuntsaye na Birtaniya sun ɗaura wa irinsa na'urar bin sawu, har da na Dartmoor, aka ga a dazuzzukan Kwango suke yin hunturu, su biyo ta Afirka ta Yamma su tsallake Sahara a hanyar dawowa. Na daɗe ina kallonsa. Yawansu ya ragu matuƙa a Ingila, tudai irin wannan na cikin inda suka rage.

Na tambaye ta game da taƙaddamar kiwo, don na san ana yi. Masu kare muhalli suna cewa dabbobi sun yi yawa a wasu sassa kuma ƙona ciyawa na lalata fadamu, makiyaya suna cewa in aka janye dabbobi ƙaya da wata muguwar ciyawa za su cinye komai. Ita 'yar makiyaya ce, ba ta ɓoye ɓangarenta ba, amma ta kawo hujjar ɗaya ɓangaren da adalci. Ni dai abin da na gani, akwai tozon da aka kiwace shi ƙarƙaf, akwai kuma inda ciyawa ta kai gwiwa ba abin da ke motsi a ciki.

Sai inda suka gaza. Hotunan tallarsu duk na tudu ne ya yi shuɗi-ja da furanni, alhali wannan furen sai watan Agusta. A Mayu tsiron ruwan ƙasa yake, abin da ke fure ƙaya ce mai rawaya mai ƙamshin kwakwa. Yana da kyau, amma kamata ya yi su faɗa. Takardar rajista ba ta tambayi abin da mutum ke ci ba, da aka buɗe guzurin rana kuwa naman alade ne a cikin burodin, sai tuffa da shayi na yini da su. Jagorar ta ba da haƙuri har ta miƙo mini nata cukun, laifin na ofis ne. Abin da ya fi damuna shi ne jerin kayan da suka turo. Sun rubuta takalmi mai ƙarfi kawai. Wata baiwar Allah ta zo da takalmin motsa jiki, kafin azahar ƙafarta ta jiƙe sharkaf, ta ƙarasa yinin tana rawar sanyi. Ba su ambaci kaska ba, ga ta kuwa a cikin ganye, kuma tana ɗauke da cuta. Ba su ce babu bayan gida a hanya ba. Waɗannan layi uku ne a saƙon imel, ban ga abin da ya hana a rubuta su ba.

Duk da haka da hazo ya sauko mana a kan Hameldown na ga ainihin amfanin jagora. Cikin ɗan lokaci wanda ke gabanka da taku goma ya ɓace. Ba ta ɗaga murya ba, ta tara mu, ta ƙirga, ta fito da taswira da kamfas, ta bi da mu gefen wata tsohuwar iyaka har muka sauka. Waya ba ta da sabis a wurare da yawa, kuma a arewaci da yammacin tudun akwai filayen atisayen soja da ake kafa jar tuta ranar harbi.

Doka ta ba kowa damar yawo a filayen gamayyar Dartmoor kyauta, tun dokar 1985, har Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta tabbatar a 2025 cewa damar ta haɗa da kwana a tanti. Wanda ya iya karanta taswira kuma iska kawai yake so ya sha, ba ya buƙatar biyan kowa. Wanda kuwa zuwansa na farko ne, ina ba shi shawara ya biya. Ya zo da takalmin da ruwa ba ya shiga, da rigar ruwa ko da gari ya waye da rana, da dogon wando da zai cusa cikin safa, da guzurinsa. Kafin ya tura kuɗi kuma ya kira su ya tambayi yawan mutanen ayarin, don in sun wuce goma, na baya ba zai ji abin da jagora ke faɗa a cikin wannan iskar ba.