GDB 13 zuwa sama: sabon makarancin DWARF ya rage jira, amma da saura

Duk mai rubuta C ko C++ a Linux ya san zaman da ake yi bayan an buga gdb a kan babban shiri. GDB, manhajar bin diddigin kurakurai a shiri, shi ne ke karanta bayanan DWARF, waɗanda kwamfailar GCC ke cusawa cikin fayil in an harhaɗa da -g: sunan kowane fankshin, nau'in kowane bayani, da layin da ya fito.

Tsohon makarancin yana bin sassan shirin ɗaya bayan ɗaya, ko da furosesa na da ƙwaya (core) takwas. Tom Tromey ya sake rubuta wannan matakin, aikin ya fito a GDB 13.1 cikin Fabrairun 2023. Sabon yana raba sassan ga ƙwayoyin furosesa, yana tsallake abin da ba a bukata tun daga teburin taƙaitawa na DWARF, ya ajiye suna da matsayinsa kawai a ƙaramin fihirisa. GDB 15 na 2024 ya tura karatun bayan fage, sai ka samu wurin rubuta umarni tun bai gama ba.

Aiki ne mai kyau, kuma ya cancanci a sabunta dominsa. Sai dai ɗalibin kwamfuta a jami'ar ATBU ta Bauchi, harabar Yelwa ko Gubi, na iya kasancewa da laftof na hannu, mai ƙwaya biyu da ram giga 4 ko 8. A irinsu rabon aiki ba ya yin tasirin da yake yi a babbar na'ura. Abin da ya fi taimakawa shi ne adana fihirisar. A saka `set index-cache enabled on` a cikin ~/.gdbinit, karo na farko zai yi jira, na gaba ya ɗauko daga ~/.cache/gdb. Adanawar ta dogara da lambar shaida ta fayil, wato Build ID. In `readelf -n` bai nuna Build ID ba, babu abin da za a ajiye, sai a ƙara `-Wl,--build-id` wajen haɗawa. Kuma duk sauyin da aka yi wa shirin yana sauya lambar, don haka ribar ta fi yawa a manyan laburare da ba ka taɓawa.

Inda bai gyara ba: in ka sa birki (breakpoint, wurin da shirin zai tsaya) a fankshin, dole GDB ya buɗe cikakken bayanin sashen da yake ciki, kuma wannan matakin yana nan yadda yake. Fayil ɗin C++ da ya jawo tarin kanun fayiloli zai sa ka jira. Wajen auna sauri ma a kula, domin a GDB 15 `time gdb -batch` kaɗai na iya ruɗar mutum, tunda karatun a bayan fage yake gudana. A haɗa da `-ex "break main"`, ko a kunna `maint set dwarf synchronous on`.

Kafin komai a duba `gdb --version`. Ubuntu 22.04 na zuwa da 12.1, wato tsohon makaranci. Debian 12 na da 13.1, Ubuntu 24.04 kuma na da jerin 15. Mai son harhaɗa 15 da kansa yana bukatar laburaren lissafi na GMP da MPFR da kwamfaila mai C++17. Ga mai sayen data da kuɗinsa, in GDB ya tambaya ko ya sauko da bayanan DWARF daga intanet ta debuginfod, ya ce a'a sai da bukata, ko ya rubuta `set debuginfod enabled off`, domin fayilolin manyan laburare na iya cinye ɗaruruwan mega.