Ƙamus ɗin Jami'ar Michigan ya san sana'ar kowa, amma habaici ya fi ƙarfinsa

Mai karanta gabatarwar Canterbury Tales, littafin labaran matafiya na marubucin Ingila Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, tun daga masaukin Tabard yake fara tuntuɓe. Matafiya 29 ne suka taru a can, kusan kowa da sana'arsa ake kiransa, kuma sunayen da yawa sun ɓace ko sun sauya ma'ana. A nan Middle English Dictionary na Jami'ar Michigan yake da rana. Kyauta ne a intanet, babu rajista, ya kuma ƙunshi Turancin wajen 1100 zuwa 1500.

Amfaninsa na farko shi ne hana mutum yaudarar kansa. "Clerk" na Chaucer ɗalibin Oxford ne, ba akawu ba. "Reeve" wakili ne mai kula da gandun ubangida, "manciple" mai cefanen gidan lauyoyi, "somnour" kuwa mai kai sammacin kotun coci. Kowace ma'ana tana tafe da jimlolin misali a jere bisa shekaru, sai ka ga yadda "vileinie", wadda tushenta sunan talakan gona ne, ta zama sunan rashin mutunci.

Wajen nema ne ake shan wuya. A zamanin babu tsayayyar ƙa'idar rubutu, shi kuma ƙamus ya fifita "i" a inda marubuta suka sa "y". Chaucer ya rubuta "frankeleyn", wato mutum mai 'yanci da ke da ƙasar kansa amma ba basarake ba, sai dai a ƙarƙashin "frankelein" za ka same shi. Maganin shi ne a zaɓi neman da ya haɗa da sauran siffofin kalma. A kula da shekarun ma: "c" na nufin wajen shekara kaza, "a" kafin ta, kuma idan shekaru biyu suka zo tare, ta farko ta kwafin hannu ce, ta cikin baka ta lokacin da aka tsara aikin. Wanda ya juya su zai iya yin kuskuren shekaru ashirin ko fiye.

Inda ƙamus ɗin ya gaza, ba laifinsa ba ne. Chaucer gwanin yabon da ke ɗauke da zagi ne. Ya kira jarumin doki "worthy" da zuciya ɗaya, ya kuma manna wa limamin bara mai kwaɗayin kuɗi kalmar nan. Mai kai sammaci kuwa, Chaucer ya ce masa "gentil harlot", ɗan iska mai asali ke nan. Ƙamus zai gaya maka cewa "harlot" a lokacin namiji ma ana ce masa haka, amma dariyar da ke ciki sai wanda ya san rabon jama'a gida uku: masu addu'a, masu yaƙi da masu noma, da abin da ake tsammani daga kowane gida. Don haka a buɗe ƙamus ɗin tare da bugun littafin Chaucer mai sharhi a ƙasan shafi. Kwamfuta ta fi waya daɗin aiki da shi, saboda jerin misalan yana da tsawo.