Daren tartsatsin wuta a bakin tekun Plymouth

Ƙarar farko ce ta kayar da ni. Muna zaune a kan ciyawar Hoe, wani tudu mai kallon teku a Plymouth, kudu maso yammacin Ingila, inda ake gasar wasan tartsatsin wuta ta ƙasa a watan Agusta tun 1997. Dare biyu ake yi, kamfani uku kowane dare, suna harbawa daga wata doguwar katanga da ta kutsa cikin ruwa a Mount Batten. Da suka saki ta farko, ban san lokacin da na fizgo 'yata na kife a kanta ba. Ina Kano ranar Juma'ar nan da bama-bamai suka yi ta tashi a gari, 20 ga Janairun 2012. Ashe jikina bai manta ba.

Kunya ta rufe ni, ga Turawa kewaye da mu. Sai ga wata dattijuwa cikin rigar ma'aikata mai ɗaukar ido. Ba ta tambaye ni me ya faru ba. Ta durƙusa, ta miƙo min ruwa da 'yan soson toshe kunne, ta nuna min tantin masu agajin gaggawa idan ina son hutawa. Ba ta tashi ba sai da hannuna ya daina rawa. Wallahi har yau abin yana raina. Da a gida ne, kafin na ɗago an taru a kaina, wasu na salati, wasu na ɗauka a waya.

Kallo kyauta ne, kuma ba a keɓe wa wani mai girma gaba ba. Wanda ya riga zuwa shi ke shimfiɗa bargonsa. Me zai hana mu jera makewayi da tantin agaji a Hawan Daushe? Dawaki muna da su, ado muna da shi, amma tsoho ya faɗi a turmutsutsu sai dai a yi masa fifita.

Sai dai kada a ruɗe ku. Wai lokacin zafi ne, amma iskar teku har ƙashi take shiga. Makewayin babu buta, babu ruwa. Magariba ta kai wajen takwas da rabi, na rasa inda zan yi alwala, da ragowar ruwan dattijuwar nan na yi ta a makare, na yi salla a bayan wata motar sayar da abinci. Abincin kuwa, soyayyen dankali ne a 'yar takarda, ba yaji ba ƙuli, kuɗinsa ya isa a ci balangu a ƙoshi.

Kamfani na uku na kalla sosai, da soso a kunne. Wuta ja da ruwan zinare tana zubowa kan teku, ƙananan jiragen ruwa sun yi cirko-cirko a ƙarƙashinta. 'Yata ta ja hijabina ta ce, "Umma, haka 'yan bindigar Sarki suke yi?" Ba ta taɓa ganin hawan Salla ba.